Idan Labarin Gaskiya Ne, Ɗan Jarida Ya Kuɓuta? Muhawara Kan Tsofaffin Finafinan Jarida

Malam Habibu:
Assalamu alaikum. Ina so a wannan makon mu duba yadda tsofaffin finafinai suka nuna ɗan jaridar da ke farautar labarin da zai sayu ko ta halin ƙaƙa, kuma zan buɗe da Ace in the Hole na 1951, wanda Billy Wilder ya ba da umarni, Kirk Douglas ya fito a matsayin Chuck Tatum. Shi Tatum jaridu goma sha ɗaya ne suka sallame shi, har ya ƙare a wata 'yar ƙaramar jarida a Albuquerque ta jihar New Mexico, yana dakon labarin da zai mayar da shi New York. Rannan sai ya ci karo da wani Leo Minosa, wanda ƙasa ta rufta masa a cikin wani tsohon kogo inda ya shiga neman tukwanen mutanen da. Ɗan kwangilar da aka kira ya ce idan aka tokare bangon kogon da katakai za a fito da shi cikin awa 16, amma Tatum ya haɗa baki da shugaban 'yan sandan yankin, wanda a can zaɓensa ake yi kuma zaɓen ya ƙarato, suka tilasta a huda dutsen daga sama da injin haƙa, aikin da zai ci mako guda. Lissafinsa shi ne labarin awa 16 bugu ɗaya zai yi ya mutu, na mako guda kuwa zai tara ƙasar baki ɗaya. Haka kuwa aka yi, domin dubban jama'a sun yi dafifi a wajen, an kafa lilo da rumfunan abinci, kuɗin shiga ya tashi daga santi 25 zuwa dala ɗaya, Leo kuma ciwon huhu ya kashe shi kafin injin ya kai gare shi.

Abin da nake gani shi ne ƙarin gishirin da Tatum ya yi, kamar nuna matar Leo a matsayin mai kuka da addu'a alhali tana shirin tattara kayanta ta tafi, shi ne ƙaramin laifinsa. Babban laifin shi ne ya bar matsayin mai ba da labari ya koma mai juya lamarin, kuma ribarsa ta rataya a kan tsawon wahalar mutum. Ko kun yarda da wannan karatu?

Nura:
Wa alaikumus salam, Malam. Na yarda fim ɗin yana da ƙarfi, amma ina ganin an zalunci 'yan jarida a cikinsa. Abin da aka gina labarin a kansa ya faru da gaske a Kentucky a 1925, lokacin da dutse ya danne ƙafar Floyd Collins a cikin kogo, kuma Tatum da kansa ya ambaci sunansa a fim ɗin. To ɗan jaridar da ya yi suna a wancan lamari, William Burke Miller na jaridar Courier-Journal ta Louisville, saurayi ne mai ƙaramin jiki wanda ya riƙa rarrafawa cikin ramin yana kai wa Collins abinci, yana ƙoƙarin kwance masa ƙafa, yana jefa ransa cikin haɗari, har ya samu kyautar Pulitzer, babbar lambar yabo ta aikin jarida a Amurka, a 1926. Babu wanda ya zarge shi da jinkirta ceto. Wato an ɗauki labarin da ɗan jarida ya yi jarumta a cikinsa, aka mayar da shi labarin da ɗan jarida ya yi kisa. Wannan ma ai zuzutawa ce, sai dai a wannan karon masu fim ne suka yi ta.

Malam Habibu:
Maganarka tana kan hanya, Nura, kuma masu sharhin finafinai na jaridun wancan lokaci sun yi irin wannan ƙorafi. Fim ɗin bai yi kasuwa ba, har kamfanin Paramount ya sauya masa suna zuwa The Big Carnival ba da son Wilder ba. Sai dai ka tuna Wilder ya yi aikin jarida a Biyana da Balin kafin ya shiga harkar fim, don haka ba baƙo ba ne a ɗakin labarai. Kuma taron 'yan kallo da masu saye da sayarwa a bakin kogon Collins ba ƙirƙira ba ce, ya faru, mutumin kuwa gawarsa aka tarar bayan fiye da mako biyu.

Hajiya Rakiya:
Ni a ganina Tatum ya yi sauƙin hukuntawa, domin ya yi abin da kowane mai hankali zai kira ta'asa, kuma ɗan jaridar da ya kalle shi zai iya cewa shi bai taɓa yin haka ba, ya koma bakin aikinsa hankali kwance. Fim ɗin da ya fi tayar mini da hankali shi ne Five Star Final na 1931, wanda Mervyn LeRoy ya ba da umarni, Edward G. Robinson ya fito a matsayin edita. Mai gidan jaridar ya ga ciniki ya ja baya, sai ya ba da umarnin a tono labarin wata mata, Nancy Voorhees, wadda shekara 20 da suka wuce ta harbe mutumin da ya yi mata ciki ya ƙi aurenta. Shari'a ta wuce tuntuni, matar ta yi aure, ta zauna lafiya da mijinta, 'yarta ba ta san komai ba, ga kuma bikin 'yar ya zo. Aka tura wakili, wanda Boris Karloff ya fito a matsayinsa, ya yi shigar malamin coci ya shiga gidan, suka saki jiki da shi suka faɗa masa damuwarsu, suka ba shi hoton amarya. Da labarin ya fito, matar ta yi ta bugo waya tana roƙo ana yi mata hanya-hanya, daga ƙarshe ta sha guba, mijin ya tarar da gawarta shi ma ya bi ta.

Abin lura shi ne jigon abin da jaridar ta buga gaskiya ne. Matar ta yi kisan, sunanta ke nan, 'yarta ce ke shirin aure. Idan ma'aunin ɗa'ar aikin jarida shi ne kawai a tabbatar da labari kafin a buga, to wannan jarida ta ci jarrabawa, ga kuma gawa biyu a ƙasa. Mu da muka tashi da karatun Suratul Hujurat mun san aya ta 6 ta ce a binciki labari kafin a yi aiki da shi, kuma ita ce 'yan jaridarmu suka fi son kawowa, amma aya ta 12 ta wannan surar ta hana bin diddigin asirin mutane da cin namansu, kuma malamai sun bayyana cewa giba ita ce faɗin abin da yake gaskiya ne game da mutum wanda ba ya so a faɗa, idan ƙarya ce kuwa sunanta ƙazafi. Saboda haka gaskiyar labari sharaɗi ne na farko, ba ita ce ta ƙarshe ba.

Baba Ɗanjuma:
Hajiya, Allah ya yi miki albarka, kin taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Na daɗe a teburin edita kafin in ajiye aiki, kuma a duk finafinan nan babu wanda na gane kamar wannan edita na Robinson, wanda ya san abin da ake yi ba daidai ba ne, ya yi shi da ƙwarewa, sannan ya riƙa zuwa yana wanke hannu da sabulu a kai a kai. Wanda ya rubuta wasan kwaikwayon da aka ɗauko fim ɗin daga ciki, Louis Weitzenkorn, ya yi aikin edita a New York Evening Graphic, jaridar da ta shahara da haɗa hotunan bogi, a ɗauki fuskar mutum a liƙa a jikin wani a buga a shafin farko. Zamanin ke nan da Daily News ta New York, a Janairun 1928, ta buga hoton wata mata, Ruth Snyder, ana zartar mata da hukuncin kisa a kan kujerar lantarki a gidan yarin Sing Sing, wanda mai ɗaukar hoto Tom Howard ya ɗauka da kyamarar da ya ɗaure a idon sawunsa. Kuma kada a ce ba su da rubutattun ƙa'idoji, domin ƙungiyar editocin jaridun Amurka ta fitar da nata tun 1923.

Shi ya sa nake cewa a daina tsayawa kan wakili. Wakili ɗan aike ne, edita ma ɗan aike ne mai kujera. Wanda ke duba alƙaluman ciniki da safe ya ɗaga waya shi ne mai gidan, kuma fim ɗin da ya kama wannan shi ne Citizen Kane na 1941. Kane, mai gidan jaridar da ke cikin fim ɗin, ya rubuta alkawarin gaskiya da riƙon amana da hannunsa ya buga a shafin farko, daga baya da abokinsa ya aiko masa da takardar don tunatarwa, sai ya yayyaga ta. Kowa ya san da William Randolph Hearst, attajirin mai gidajen jaridu na Amurka, ake, mutumin da jaridarsa ta ingiza Amurka yaƙi da Sifaniya a 1898, wanda ya ce wa mai zanensa ya kawo hotuna shi zai kawo yaƙin.

Dakta Isyaku:
Baba, Allah ya ƙara girma, zan ɗan yi gyara a wuri ɗaya, domin ya shafi maudu'in kai tsaye. Wannan saƙon waya da ake cewa Hearst ya aika wa mai zane Frederic Remington a Kyuba, tushensa guda ɗaya ne, wato littafin tarihin rayuwar wani wakilin Hearst mai suna James Creelman da ya fito a 1901, kuma shi Creelman ba ya Kyuba a lokacin. Ba a taɓa ganin takardar saƙon ba, Hearst ya musanta, masana tarihin jarida da dama kuma suna ɗaukar labarin a matsayin ƙage. Orson Welles da Herman Mankiewicz, waɗanda suka rubuta Citizen Kane, sun sa irin wannan magana a bakin Kane, daga nan ta zauna a kan mutane kamar tabbataccen tarihi.

Abin da ya tabbata shi ne jirgin yaƙin Amurka mai suna Maine ya fashe a tashar Habana ranar 15 ga Fabrairun 1898, mutum fiye da 250 suka mutu, kuma New York Journal ta Hearst ta ɗora laifin a kan abokan gaba tun kafin a yi wani bincike, ta sa ladan dala 50,000 ga duk wanda ya gano masu laifin, cinikinta ya haura kwafi miliyan ɗaya a rana, tana gasa da New York World ta Joseph Pulitzer. Wannan laifi ne babba. Amma cewa jarida ce ta haifar da yaƙin, wannan ya wuce abin da hujja ta nuna, domin akwai tawayen mutanen Kyuba tun 1895, da sansanonin da Sifaniya ta tsare fararen hula a ciki suna mutuwa, da muradun Amurka na kasuwanci da siyasa a yankin. Ƙarfin mai gidan jarida ya fi fitowa fili a abin da ya faru da fim ɗin Citizen Kane kansa: Hearst ya hana jaridunsa tallata shi, manyan masu kamfanonin fim suka yi wa RKO, kamfanin da ya shirya shi, tayin kimanin dala 800,000 don a ƙone shi, gidajen sinima da yawa suka ji tsoron nuna shi, kuma cikin kyaututtukan Oscar tara da aka sa shi takara, ɗaya kawai ya samu.

Baba Ɗanjuma:
Madalla, Dakta. Gyaran ya ƙara wa maganata nauyi, domin mutumin da zai iya tsorata Hollywood gaba ɗaya, ina ga editan da ke karɓar albashi a hannunsa.

Malama Bilkisu:
Kowa ya ambaci wakili da edita da mai gida, babu wanda ya ambaci mai saye, alhali kuwa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ina ganin dalilin da ya sa mutane suka guji Ace in the Hole a 1951 ba don ya zagi 'yan jarida ba ne, tunda an saba da hakan tun shekarun 1930. Dalilin shi ne kyamarar Wilder ta juyo ta kalli taron. Akwai wani mai sayar da inshora da iyalinsa da suke alfahari da cewa su ne farkon waɗanda suka iso wajen, akwai jirgin ƙasa na musamman da ke sauke 'yan kallo suna gudu zuwa bakin dutsen, akwai mawaƙa suna sayar da waƙar da aka yi wa Leo. Dukkansu suna ganin tausayi ne ya kawo su, kuma da aka ce ya mutu, cikin ɗan lokaci wajen ya watse, aka bar mahaifinsa shi kaɗai.

Mu ma mun ga irin wannan a Fabrairun 2022, lokacin da yaro Rayan ɗan shekara biyar ya faɗa rijiya mai zurfin mita 32 a arewacin Maroko. Kwana da kwanaki muna riƙe da waya muna bibiya muna addu'a, kuma ban ce addu'ar ba ta gaskiya ba ce. Amma a cikin waɗannan kwanakin an yi ta yaɗa hotunan wasu yara ana cewa shi ne, an yi ta shelar an fito da shi da rai alhali ba haka ba ne, kuma waɗanda suka tura waɗannan abubuwa ba ma'aikatan wata jarida ba ne. A da sai mutum ya biya kuɗi ya sayi jarida kafin ya shiga cikin lamarin, yanzu kuwa da ɗan yatsa yake zama mai bugawa da mai rabawa.

Nura:
Malama, na karɓi wannan. Amma ina da tambaya ga Hajiya, domin ina tsoron kada ma'aunin da ta kawo ya zama mafakar azzalumai, tunda duk ɓarawon gwamnati zai so a ce masa tona asiri haramun ne. A 1887 Nellie Bly ta yi shigar mai taɓin hankali, aka kai ta gidan mahaukata na mata da ke tsibirin Blackwell a New York, ta yi kwana goma a ciki, ta fito ta rubuta irin duka da yunwa da wankan ruwan sanyi da ake gana wa matan, har aka yi bincike aka ƙara kuɗin kula da su. Wadda ta buga labarin ita ce World ta Pulitzer, wato ɗaya daga cikin jaridun da ake zargi da kururuta labari, kuma ta buga shi ne don ya sayu. To ita ma yaudara ta yi ta shiga, kamar yadda wakilin Five Star Final ya yi shigar malamin coci. Mene ne ya halatta ɗaya ya haramta ɗaya?

Hajiya Rakiya:
Ƙanina, tambayar tana da kyau, kuma amsarta ba ta da nisa. Ka dubi wanda aka yaudara, ka dubi wanda ya amfana da fitar labarin, ka dubi ko akwai wata hanyar samunsa. Bly ta yaudari hukuma mai iko a kan matan da ba su da bakin magana, cutar tana faruwa a lokacin, kuma da ta je ƙofa ta ce ita 'yar jarida ce da an nuna mata ɗakin da aka share. Wancan kuwa ya yaudari iyalin da ba su riƙe wa kowa amana ba, a kan abin da ya wuce shekara 20, wanda fitarsa ba ta kare kowa daga komai ba. Malamanmu ma ai sun keɓe wuraren da ambaton aibin mutum ya halatta, kamar wanda aka zalunta ya kai ƙara, ko a gargaɗi jama'a game da mai cutar da su. Abin da jama'a ke da haƙƙin sani daban, abin da suke marmarin ji daban, kuma jaridar da ke cikin wancan fim ta san bambancin sarai, shi ya sa mai gidan ya riƙa cewa darasi yake son koya wa 'yan mata.

Dakta Isyaku:
Akwai nau'i na uku da bai kamata ya wuce mu ba, kuma daga Japan yake. A 1950 Akira Kurosawa ya yi fim ɗin da aka fi sani da Scandal, inda Toshiro Mifune ya fito a matsayin mai zane da ya rage wa wata shahararriyar mawaƙiya hanya a kan babur, suka sauka a masauki ɗaya kowa da ɗakinsa, masu ɗaukar hoto na wata mujalla suka ɗauke su suna tsaye tare a baranda, aka gina labarin soyayya a kan hoton. Hoton na gaske ne, babu abin da aka taɓa a jikinsa, ƙaryar tana cikin abin da aka sa shi ya faɗa. Da suka kai ƙara kuma, mai mujallar ya ga shari'ar ma talla ce, ya sayi lauyansu da cin hanci. Wannan ya fi kusa da abin da muke gani kullum, inda za a yanko daƙiƙa goma daga jawabin awa guda, kowace kalma mutum ya faɗe ta, amma ma'anar ba tasa ba ce.

Malam Habibu:
Kafin mu yi nisa da wanke masu fim, ina so in koma kan ƙorafin Nura ta wata fuskar. Hollywood ba kullum take hukunta irin wannan ɗan jarida ba, sau da yawa ma ƙawata shi take yi. A His Girl Friday na 1940, wanda aka ɗauko daga wasan The Front Page na tsofaffin 'yan jaridar Chicago biyu, Ben Hecht da Charles MacArthur, Cary Grant da Rosalind Russell sun ɓoye wanda aka yanke wa hukuncin kisa a cikin teburin rubutu don kada wata jarida ta riga su, kuma akwai inda wata mata da 'yan jarida suka yi wa ƙage ta faɗo ta taga, suka leƙa suka ga tana motsi, suka ruga kan wayoyinsu. Fim ɗin barkwanci ne, mai kallo dariya yake yi, yana kuma fatan su yi nasara. Ina zargin wannan ya jawo matasa cikin aikin fiye da yadda Ace in the Hole ya tsoratar da su.

Nura:
Baba, ku da kuka zauna a kujerar, da ku ne editan Miller a 1925, za ku buga hirar da ya yi da Collins a cikin ramin?

Baba Ɗanjuma:
Zan buga, ɗana, kuma a shafin farko, domin mutumin da bakinsa ya yi magana, ya san da ɗan jarida yake yi, kuma labarin ya jawo masu haƙa da kayan aiki zuwa wajen. Amma zan kira Miller in ce masa ya zaɓi ɗaya, ko dai yana cikin masu ceto in tura wani ya rubuta, ko yana rubutu ya bar shawarar yadda za a haƙa ga masu haƙa, domin ranar da aka tambaye shi ra'ayinsa kan hanya mai sauri da hanya mai jinkiri, ko da zuciyarsa fara ce tas, ba na so a ce amsar ta fito daga bakin wanda sunansa ke ƙara girma da kowace kwana. Kuma ba zan tura mai hoto gidan mahaifin Collins ba. Mai gidan jaridar zai kira ni a kan wannan na ƙarshen, ya ce abokan gasa sun samu hoton mu ba mu samu ba, kuma ban san editoci nawa ne za su iya jure wannan kiran sau uku a jere ba.